Sandar fero, laita ko ashana: wanne ya cancanci shiga jakar mai kwana a daji?

Wanda ya fara ganin ana kankarar sandar fero, wato 'yar sandar ƙarfen nan ta tayar da wuta, da dare, tartsatsi fari fat yana zubowa kamar ruwa, da wuya bai raya a ransa cewa shi da ashana da laita sun yi hannun riga ba. Ni ma haka na ji. Na jefa ta a jaka na tafi kwanan daji, ban ko gwada ta sau ɗaya a gida ba. Aka yi yayyafi da la'asar, duhu ya fara shigowa, na tsuguna gaban tarin ciyawa ina ta kankara. Tartsatsi kam ya fito, ba ƙarya, amma ciyawar ko hayaƙi ba ta yi ba. Na fi rabin awa a haka, yatsuna suka sage, sanyi ya fara ratsa ni. Abokin tafiyata ya zaro laita daga aljihun rigarsa ya kara ta a ƙarƙashin ƙirare, kafin minti biyu wuta ta tashi.

Ban jefar da sandar ba. Har yau tana tare da ni, kuma ina ganin ƙimarta fiye da da. Abin da na gane a daren shi ne, laita da ashana harshen wuta suke ba ka, ita kuwa sandar fero tartsatsi kawai take bayarwa, kai ne za ka mayar da shi wuta. Duk wani kwatanci tsakaninsu daga nan yake tashi. Wanda bai riƙe wannan ba zai saye ta da zaton ta fi laita sauƙi, ya je ya sha irin wahalar da na sha.

Bari mu fara da sandar kanta. Ba dutse ba ce, ko da yake wasu na kiranta haka. Gauraye ne na ƙarafa wanda wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Ostiriya, Carl Auer von Welsbach, ya haɗa a shekarar 1903, kusan kashi 70 cikin ɗari sinadarin seriyom, kashi 30 baƙin ƙarfe. Na yanzu ana ƙara musu lantanom da ɗan maganiziyom. Sirrin yana ga seriyom ɗin, domin ko zafin bai kai digiri 200 a ma'aunin Salshiyos ba, yana iya sa shi kamawa da wuta. Idan ka kankari sandar da abu mai kaifi da ƙarfi, ƙananan ɓarɓashi ne ke fita, gugar ta zafafa su, su haɗu da iska su ƙone nan take. Zafin wannan tartsatsi yana kaiwa wajen digiri 3,000. Babu mai a cikinta da zai ƙare, babu gas da zai zurare, babu abin da zai lalace in ta faɗi ƙasa ban da karyewa. Ka tsoma ta a kogi ka ciro, ka goge ta da gefen riga, za ta ba da tartsatsi kamar ba abin da ya faru. Wani kamfanin Suwidin mai suna Light My Fire yana cewa ƙaramar sandarsa tana kai ƙyastawa 3,000, babbar kuma 12,000. Ko da an rage wani abu daga lissafin kamfani, sanda mai kauri tana iya yi wa mutum shekaru.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, ɗan ƙanƙanin abin nan da ke ƙarƙashin tayar laita, wanda ake cewa dutsen laita, shi ma fero ne. Wato duk mai riƙe da laita mai taya yana riƙe da sandar fero, sai dai ƙarama ƙwarai, an kuma haɗa ta da gas ɗin da zai karɓi tartsatsin ba tare da gardama ba. Wannan shi ne dukkan fifikon laita: ta zo da abin kama wutarta a cikinta. Hannu ɗaya ya ishe ta. Harshenta yana tsayawa muddin yatsanka na kan maɓallin, saboda haka yana iya busar da ɗan danshin da ke jikin ƙirare kafin ya kama su, abin da tartsatsi ba zai taɓa yi ba komai zafinsa, don ransa bai wuce ƙiftawar ido ba. Kamfanin Bic, wanda ya fito da laitarsa a 1973, yana cewa babbar tana kunnuwa har sau 3,000. Ka lura, adadi ɗaya ke nan da ƙaramar sandar fero, kuma kowace kunnawa a nan harshen wuta ce, can kuwa za ka iya kankara sau goma kafin abu ya kama.

Amma laita tana da raunin da ya kamata a faɗa ba ɓoye-ɓoye. Gas ɗin butan da ke cikin yawancinsu yana daina tashi idan sanyi ya kai kusan digirin da ruwa ke daskarewa. A irin wannan yanayi za ka ji tayar na juyawa, tartsatsi na fita, wuta ta ƙi. Maganinsa ba wuya, ka sa ta a hammata ko cikin tafin hannu na 'yan mintoci, ko kuma tun farko ka ajiye ta a aljihun ciki kusa da jiki. Idan ta jiƙe, tayar ba ta ba da tartsatsi sai an karkaɗe ta, an hure ta, an mirgina tayar a kan busasshen tufa har ta bushe, abin da kan ɗauki 'yan mintoci. Iska mai ƙarfi tana kashe harshenta. Roba ce, in an taka ta ko ta matse tsakanin kaya masu nauyi tana iya tsagewa. Abin da ya fi damuna da ita shi ne zurarewar gas a ɓoye: wani abu ya danne maɓallin a cikin jaka, ka zo buƙata ka tarar fanko. Ɗaure ƙarƙashin maɓallin da zare ko siririyar roba yana hana wannan. Laita mai shan mai irin ta Zippo ta fi jure iska, sai dai man da ke cikinta yana bin iska ko ba a kunna ta ba, cikin mako ɗaya zuwa biyu ta bushe, don haka ba abin ajiya ba ce don ranar tsautsayi.

Ko fankon laita ma kada ka yar. Muddin tayar na ba da tartsatsi, tana iya kunna busasshiyar auduga da aka barbaza.

Ashana kuma fa? A nan ba zan daɗe ba, domin a wurina ita ce ta uku. Irin wadda muka sani, mai buƙatar gefen kwali, 'yan Suwidin ne suka daidaita ta a tsakiyar ƙarni na 19, suka raba sinadaran gida biyu, wasu a kan tsinke, jan fosforos kuma a jikin kwalin. Hikima ce da ta rage gobara, amma ga mai tafiya daji tana nufin abu biyu ne za ka kare daga danshi, tsinken da kwalin, kuma kowanne ya jiƙe an gama. Ba sai ruwan sama ba, gumin jiki ko raɓar asuba sun isa su sa kan ashana ya marmashe. Sannan a ƙirge take, kowane tsinke dama ɗaya ce, iska ta hure shi an yi asara. Akwai ashanar hadari mai dogon kai, wadda ke ci kamar daƙiƙa 10 zuwa 15 ko da cikin iska da yayyafi, kuma wannan tana da amfani na gaske a wurin da laita ta kasa tsayawa. Wanda zai ɗauke ta ya sa ta a ƙaramin gwangwani mai murfin da ba ya shan ruwa, tare da guntun abin ƙyastawar a naɗe daban, yadda ba za su gogi juna ba.

Mutane kan haɗa sandar fero da ƙyastu irin na da, alhali aikinsu a juye yake. A ƙyastu, dutsen ƙanƙara ne ya fi ƙarfen tauri, shi ke yankar ɓarɓashin ƙarfe, ɓarɓashin ya yi ja. Shi ya sa dole ƙarfen ya zama mai yawan kabon, kuma tartsatsinsa ja-ja ne, kaɗan, mai rauni, ba ya kama komai sai abin da aka tanada musamman, kamar tsumman auduga da aka babbaka ya zama gawayi ba tare da ya ci da wuta ba. Abin da za ka samu ma garwashi ne, sai ka naɗe shi a ciyawa ka yi ta hurawa. Tsohuwar fasaha ce mai daɗin koyo. Gawar mutumin nan da aka tsinta a ƙanƙarar tsaunukan Alps a 1991, wanda ya rayu fiye da shekara 5,000 da suka wuce, an same ta da busasshen naman kaza irin mai fitowa a jikin itace, na kama wuta, a cikin ɗamararsa, da burbushin dutsen da ake ƙyastawa. Amma in ana maganar zaɓi don buƙata, fero ta yi wa ƙyastu nisa. A fero ƙarfen ne ke kankarar sanda, don haka duk abin da ya fi ta tauri kuma yake da kaifin gefe zai yi aiki: bayan wuƙa, guntun zarton ƙarfe, fasasshiyar kwalba, har da dutse mai kaifi.

Akwai kuma ɗan bulon maganiziyom mai siririyar fero a manne a gefensa. Ana kankare ɓarɓashi a tara kamar faɗin farcen babban yatsa, a jefa masa tartsatsi, ya kama da farar wuta mai tsananin zafi. A takarda dabara ce mai kyau. A fili kuwa, iska kaɗan ta isa ta watsa maka abin da ka ɓata minti biyar kana tarawa, wutar kuma ta mutu cikin 'yan daƙiƙu. Ga shi feron da ke jiki kan ɓalle in gam ɗin ya saki. Ban ga abin da ya fi sanda mai kyau da auduga ba. Gilashin tara hasken rana da murza itace a kan itace, waɗannan ilimi ne mai kyau a sani, sai dai na farko yana buƙatar rana tsaka, na biyu kuma yana buƙatar busasshen itacen da ya dace da ƙarfin jiki, abubuwan da galibi babu su a lokacin da aka fi matsuwa da wuta.

Yanzu ga inda maganar ta fi nauyi, wato abin kama wuta. Wanda ya sayi sandar fero bai tanadi wannan ba, rabin kaya ya saya. Tartsatsi yana son abu mai laushi, siriri kamar gashi, busasshe ƙarau, mai sarari tsakaninsa da iska za ta ratsa. Ganyen da ya bushe a ido ba lallai ya kama ba, saboda shafaffe ne, tartsatsin sai ya zame ya faɗi. Ciyawa sai an murje ta tsakanin tafukan hannu har ta yi laushi kamar zare. Ɓawon itace na ciki, in an tsattsage shi aka murza, yana yi. Audugar da ke fita daga 'ya'yan wasu itatuwa tana kamawa fuu lokaci guda, amma tana mutuwa da sauri, sai an cakuɗa ta da ciyawa. Itace mai ƙaro ko danƙo a jiki, in ka kankare shi ya zama gari-gari, yana kamawa ko da an yi ruwa. Igiyar da aka tufka da zaren tsiro, in an warware ta, ita ma tana yi.

Wanda ya fi su duka a wurina shi ne auduga da basilin. Ka ɗauki curin auduga ka shafa masa basilin a waje, kada ka jiƙa shi sharkaf, ka cusa guda goma ko fiye a ƙaramin gwangwani. In buƙata ta zo, ka yage ɗaya biyu, ka barbaza busasshen cikin ya yi tsaye kamar gashi, ka sa masa tartsatsi. Sau da yawa kankara ɗaya ko biyu ta isa, kuma yana ci na mintoci, ba daƙiƙu ba, kamar ƙaramin kyandir. Da wannan a hannu, tazarar da ke tsakanin fero da laita tana raguwa ƙwarai. Ban da shi kuwa, a ranar da daji ya jiƙe, tazarar kamar sama da ƙasa ce. Kuma ka lura, wannan audugar tana taimakon mai laita da mai ashana daidai yadda take taimakon mai fero, saboda haka ko me ka zaɓa, ita dai ka ɗauke ta.

Yadda ake riƙo ma yana da tasiri. Sabuwar sanda tana zuwa da baƙin fenti mai kare ta daga tsatsa, sai ka kankare shi har farin ƙarfen ya bayyana, in ba haka ba za ka ce jabu aka ba ka. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne tura abin kankarar gaba da ƙarfi, hannu ya wuce ya bugi tarin audugar ya watsar. Abin da ya fi, ka kafa bakin sandar a kan abin kama wutar, ka danne shi da ita, ka riƙe abin kankarar ƙam a wuri ɗaya kusa da ƙasa, sannan ka fizgo sandar baya. Tartsatsin duk sai ya zuba wuri guda, hannunka bai taɓa komai ba. Danna da nauyi ya fi sauri muhimmanci. In abin ya ƙi kamawa, ka kankari sandar a hankali yadda ba za ta yi tartsatsi ba, ɓarɓashinta ya taru a kan audugar, sannan ka yi kankara ɗaya mai ƙarfi, duk su kama tare. Kada ka yi amfani da bakin wuƙarka, za ka dakusar da ita a banza. Bayanta ake amfani da shi, shi ma sai in gefensa a tsaye yake da kaifin kusurwa. In a mulmule yake, ka ɗan goge shi da magagari.

Duk wannan sai an yi ta maimaitawa kafin hannu ya saba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ka gwada a tsakar gida, da rana, da dare, bayan an yi ruwa, da ciyawar da ka tsinto da kanka. Ranar da ka iya tayar da wuta sau uku a jere da abin da ka samo a waje, ranar sandar ta zama kayan aikinka.

Akwai wani bambanci da ba a cika ambata ba, alhali yana iya zama shi ne kan gaba a ranar wahala. Sandar fero hannu biyu take so. Wanda ya faɗi ya karye a hannu ko ya gurɗe, zai sha fama, sai dai ya taka abin kankarar da ƙafa ya ja sandar da hannu ɗaya, wanda ba kowa ke iyawa ba. Laita ba ta da wannan matsala. A ɗaya ɓangaren kuma, idan sanyi ya kama yatsu har ba sa lanƙwasuwa, murza ƙaramar tayar laita ko riƙe tsinken ashana yana gagara, amma sanda mai kauri ana iya damƙe ta da dukan hannu, ko da safar hannu, a ja da ƙarfin kafaɗa. Kowacce tana rufe ƙofar da ɗayar ta bari a buɗe, shi ya sa ban yarda da masu cewa a zaɓi ɗaya a bar ɗaya ba.

To in za ka sayi sandar, wacce? Kauri da tsawo su ne farko. 'Yan ƙananan nan masu kaurin milimita 4 zuwa 5 da ake maƙalawa a jikin makulli ko munduwa, suna karyewa, kuma babu wurin riƙo. Milimita 8 zuwa 10, da tsawon santimita 10 ko fiye, shi ne matsakaicin da ya dace da yawancin mutane. Mai milimita 12 zuwa 13 ta fi daɗin aiki da daɗewa, sai dai nauyi. Tsawo yana da amfani saboda doguwar kankara ta fi ba da tartsatsi. Sannan akwai mai laushi da mai tauri. Mai laushi tana zubo manyan ɗigo masu ci gaba da ƙuna bayan sun faɗi, ta fi sauƙi ga mai koyo kuma ta fi kama abin da bai bushe sosai ba, amma tana cinyewa da wuri. Mai tauri tana ba da tartsatsi ƙanana masu yawa, tana daɗewa, tana kuma buƙatar abin kankara mai kaifi sosai. Ni mai laushin nake ba mai farawa shawara. Ka duba mariƙin da kyau, domin da yawa gam kawai aka sa, yana kuma saki. Wadda aka huda jikinta aka zura igiya ta fi aminci. Igiyar da ta haɗa sanda da abin kankara ta zama doguwa yadda hannu zai sake, in gajeriya ce ka canza ta.

Ga yadda nake raba su. Mai fita yawon yini ɗaya ko kwana ɗaya a wurin da mutane ke kusa, laita biyu a wurare daban-daban sun ishe shi, ɗaya a aljihu ɗaya a jaka cikin leda. Mai tafiyar kwanaki, ko mai ratsa ruwa da kwalekwale, ko mai zuwa inda sanyi ke tsanani, ya riƙe laita don aikin yau da kullum, ya rataya sandar fero a jikinsa, ba a jaka ba, domin jaka tana iya ɓata ko ruwa ya tafi da ita. Mai haɗa jakar ko-ta-kwana da za a ajiye shekara da shekaru ba a buɗe ba, a nan fero ta fi kowa, saboda ba ta zurarewa ba ta marmashewa, sai a haɗa mata da gwangwanin auduga da ashanar hadari. Mai kunna risho na gas a waje ma zai ji daɗinta, tartsatsi ɗaya ya isa, hannu kuma yana nesa da wutar. Wanda kuwa ya san ba zai zauna ya koya ba, gaskiya ita ce ƙarin laita ya fi masa amfani.

Abu ɗaya da ke cin sandar fero shi ne doguwar zama cikin danshi, musamman ruwan gishiri da gumi. Za ka ga ta yi fari-fari kamar toka, ta fara ramuka, in aka bar ta haka har marmashewa take yi. In ka dawo daga tafiya ka goge ta ta bushe, ka shafa mata ɗan mai ko kakin kyandir a inda ka kankare. In jikinta ya yi gargada saboda yawan kankara a wuri ɗaya, ka riƙa juya ta, ko ka daidaita wurin da magagari a hankali, nesa da duk abin da zai iya kamawa, don ɓarɓashin da ke zuba shi ma wuta ne.